Daga karar Azare zuwa kwatar Agege: cutar dabba ba aikin likita kaɗai ba ce

'Yan uwa mazauna Kudu, hanyar da tirela ke bi ta kawo mana shanu da awaki daga Azare da sauran kasuwannin ƙasar Katagum, ita ce cuta ma ke iya bi. Shi ya sa nake son mu fahimci tsarin nan na Lafiya Ɗaya, wanda ma'aikatun lafiya da noma da muhalli na tarayya suka ƙaddamar a 2019.

Ma'anarsa a taƙaice: likitan mutane da malamin dabbobi da duba-gari su riƙa sanar da juna abin da suka gani, domin cututtuka da yawa daga dabba suke tsallakowa.

Ɗauki zazzaɓin Lassa, wanda Bauchi ke cikin jihohin da ya fi addaba, tare da Ondo da Edo. Fitsari da kashin ɓera ke kawo shi, musamman da rani. Likita a Azare zai yi wa majinyaci magani, amma in an bar bola a bakin gida, ana shanya hatsi a ƙasa, gobe wani zai kwanta. Wannan aikin duba-gari ne da mu kanmu.

Haka bakkale da tarin fukan shanu: ta nonon da ba a tafasa ba suke kama mutum. Kun kuma tuna 2023, da aka gargaɗi mutane kan cin ganda, sannan aka tabbatar da cutar anthrax a wata gona a Suleja cikin watan Yuli. Mahauci da mai jima su ne a sahun gaba.

To, mu fa? Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta hanci ko baki, kada a feɗe ta don gudun asara. A kira malamin dabbobi. Na san saniya kuɗi ce, amma asararta ta fi a rufe kara gaba ɗaya sauƙi. Wanda ya dawo daga gida da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, ya gaya wa likita inda ya fito da sana'arsa. Lambar hukumar NCDC kyauta ce: 6232.

Ina roƙon sarakunan Hausawa da sarakunan fawa su sa wannan magana cikin taronsu na gaba. Allah Ya tsare mu da dukiyoyinmu.