Mallakar Bindiga Mai Sarrafa Kanta: Tsakanin Sha'awa, Gado Da Doka A Kudancin Kaduna

A watan Satumban 2023, rundunar Operation Safe Haven ta sanar da cewa dakarunta sun bankaɗo wani wurin ƙera bindigogi a Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a. Cikin kayan da aka baje wa 'yan jarida har da AK-47 ƙirar gida da ƙananan bindigogi. Labarin ya yi kwana biyu a bakin jama'a, wani ya zo ya danne shi. Abin da ya tabbatar dai ba baƙo ba ne ga mutanen yankin: makamin da doka ta fi tsanantawa a kansa ba shi da wuyar samu ga wanda ya nema.

Ba kowane mai nema ba ne ɓarawo ko ɗan ta'adda. Akwai wani rukuni da ba a cika maganarsa ba: darakta a ma'aikatar tarayya da ya kusa ritaya, hadimin ɗan majalisa, tsohon jami'in da ya gina gida a Kagoro ko Zonkwa ko Kwoi. Wani cikinsu sha'awar tarihin makamai ce da shi, yadda wani ke tara tsofaffin kuɗi ko takubba. Ya ga Amurkawa a YouTube suna baje mashin-gan ɗin Yaƙin Duniya na Biyu a falo, da takardunsu cif, sai ya ce ai shi ma mai bin doka ne, kuma yana da abin saye. Tambayarsa ita ce: wace iri zai zaɓa, kuma a wane ofishi zai cika fom?

Amsar ba ta da daɗi, amma gajeriya ce. A Najeriya babu wannan ofishin.

Dokar Bindigogi, wadda ta fara aiki a 1959 tun kafin samun 'yanci, kuma take cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a matsayin Babi F28, ta kasa bindigogi gida uku. Gida na farko shi ne na haramtattu: igwa, rokoki, bama-bamai da gurneti, mashin-gan manya da ƙanana, da bindigogin soja masu cin harsashi 7.62 da 9 na milimita, ko .300 da .303 na inci. AK-47 da G3 da FN duk 7.62 suke ci, saboda haka babu gardama a kansu. Abin da kan ba mutane mamaki shi ne har fistol da libarba suna cikin wannan gida, komai tsufansu. Sashe na 3 ya ce babu mai riƙe irin waɗannan sai da lasisin Shugaban Ƙasa, shi kuma yadda ya ga dama yake bayarwa. Gida na biyu, na bindigogin amfanin kai kamar na farauta mai baki ɗaya ko biyu da mai aiki da iska, yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne na masu ɗuri ta baki, wato adaka da danginta, waɗanda al'amarinsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha.

Mai karatu da idon lauya zai ce ashe akwai ƙofa, tunda Shugaban Ƙasa na iya sa hannu. A takarda, haka ne. Amma a dubi waɗanda suka ƙwanƙwasa ta a bainar jama'a. Samuel Ortom, yana gwamnan Binuwai, ya nemi a ba dakarun sa-kai na jiharsa lasisin AK-47 a 2022, bai samu ba. Marigayi Rotimi Akeredolu na Ondo ya yi ta ƙorafi a shekarar kan hana Amotekun irin wannan makami. A watan Yunin 2022 Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisi su kare kansu; kwamishinan 'yan sandan jihar ya amsa cewa takunkumin bayar da lasisi na nan daram, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, kuma ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. A 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sake bayyana cewa rundunar ta dakatar da bayar da sababbin lasisi. Idan gwamna mai jiha guda ya roƙa don tsaron al'umma bai samu ba, ma'aikaci mai matakin albashi na 16 da ke son ta don ado ya san matsayinsa.

Kuma dokar ba ta san wani abu wai shi mai tara bindigogi don tarihi ba. Ba ta ware masa lasisi ba, ba ta ce tsufan bindiga na fitar da ita daga haramci ba. Wannan shi ne babban bambancinmu da ƙasashen da ake kallo a waya.

A Amurka ma, inda ake ganin kamar komai a sake yake, lamarin ba kamar sayen rediyo ba ne. Tun 1934 dokar tarayya ta wajabta rajistar mashin-gan da harajin dala 200 duk lokacin da za ta sauya hannu. A 1986 aka rufe rajistar gaba ɗaya ga farar hula: wadda ba a yi wa rajista kafin 19 ga Mayun shekarar ba, ba ta shiga hannun mutum. Saboda haka adadinsu ba ya ƙaruwa, farashi kuwa ya haura dubban daloli gomomi a kan guda ɗaya. Mai saye zai bayar da hoton yatsu, hukumar ATF ta bincike shi, ya jira amincewarta, wasu jihohin ma kamar New York sun hana ɗungurungum. A Ingila, sai da izini na musamman daga gwamnati, wanda galibi gidajen tarihi da dillalai ke samu. Masu sha'awa sukan ƙare ne da bindigar da aka kashe, wato aka toshe ta aka lalata cikinta yadda ba za ta sake tashi ba, aka ba ta takardar shaida. Wanda ya sayi irin wannan a Landan ya sako ta a akwati zuwa filin jirgin Nnamdi Azikiwe, takardar Ingila ba za ta yi masa magana a gaban Kwastam ba. Shigo da makami na buƙatar lasisin shigowa da takardar shaidar mai amfani na ƙarshe daga Ofishin Mai Bai Wa Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro, ga kuma yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 da ta hana shigo da ƙananan makamai yankin sai da togaciya ta musamman ga gwamnatoci.

To, wadda ake yi wa mutum tayi a gida fa, ana cewa "da takardunta"? Daga ina ta fito? Hanyoyin ba su da yawa. Ko an yi fasa-ƙwaurinta ta kan iyaka ko tashar ruwa, kamar bindigogi 661 da Kwastam ta kama a Legas a Janairun 2017 da 844 da ta kama a Onne a 2024. Ko ƙirar gida ce irin ta Kafanchan. Ko kuma daga rumbun gwamnati ta sulale. Rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na shekarar 2019 ya ce akwai makaman 'yan sanda 178,459 da ba a san inda suke ba, 88,078 daga ciki AK-47 ne. Mai sha'awar da ya biya kuɗinsa yana murna ya samu "ta asali" na iya kasancewa ya ajiye bindigar da aka ƙwace daga hannun ɗan sandan da aka kashe, da lambarta a jiki. Hukuncin mallakar haramtacciyar bindiga ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba ne. Ga ma'aikacin gwamnati, aikin ma ya tafi, shekara talatin na hidima sun bi ruwa.

Hadimai na da nasu tarkon. Lasisi na mutum ɗaya ne, a kan bindiga ɗaya mai lamba. Ba ya rufe direba, ba ya rufe mai ɗaukar jaka. Idan aka tsayar da mota a shingen sojoji tsakanin Keffi da Kafanchan aka tarar da bindiga a but, maigida kuma yana Abuja, wanda ke zaune a motar shi zai fara amsa tambaya. "Ta oga ce" ba hujja ba ce a kotu.

Abin da ke ɗakin baba

Inda maganar ta fi shafar mutanen kudancin Kaduna ba wajen saye ba ne, wajen gado ne. Yanki ne na maharba tun kaka da kakanni. Bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu na alamta ƙarshen girbi da buɗe lokacin farauta, kuma a nan ne ake ganin maharba da kayan sana'arsu. Yanki ne kuma da ya ba rundunar sojan Najeriya 'ya'yansa masu yawa, tun daga waɗanda aka kai Bama a Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kafanchan kanta, da ta zama mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920, ta tara ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da akawu-akawu, waɗanda a wancan zamani riƙe bindigar farauta mai lasisi alama ce ta mutum ya isa. Saboda haka gidaje da dama na da wani abu naɗe a tsumma a bayan sif ko cikin rufi, wanda 'ya'ya ba sa ganinsa sai ranar rabon gado.

A nan dokar ta yi magana, kodayake kaɗan ne suka sani. Idan mai lasisi ya rasu, wanda kayansa ke hannunsa na iya riƙe bindigar na kwana 14 kacal. Bayan haka, ko ya samu nasa lasisin, ko ya miƙa ta ga 'yan sanda a ajiye a rumbun makamai. Kwana 14 a ƙasar da makoki kansa kan kai haka, ɗan marigayin kuma yana ta kai-komo tsakanin Abuja da gida, lokaci ne da ke wucewa ba a ankara ba. Daga ranar ta goma sha biyar, abin tunawa da mahaifi ya koma abin tuhuma. Idan kuwa abin da aka tarar fistol ce, ko tsohuwar .303 ta soja, to tun farko ma a gidan haramtattu take, ko da tsatsa ta cinye kunamarta. Haka nan bindigar da ake ja mata hannu gaba da baya ta ɗura kanta, wadda aka fi sani da fam-akshin: jadawalin dokar ya cire duk bindigar farauta mai na'urar ɗuri daga gida na biyu, kuma a 2018 Sufeto Janar Ibrahim Idris ya sa ta cikin jerin waɗanda ya ba da umarnin a karɓe.

Faɗin "a miƙa wa 'yan sanda" yana da sauƙi daga ofis mai sanyi a Maitama. A Jama'a da Zangon Kataf da Kaura da Kauru, maganar na da nauyi. Mutanen da suka ga rikicin Kafanchan na Maris 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da abin da ya biyo bayan zaɓen Afrilun 2011 a Kafanchan da Zonkwa, da hare-haren ƙarshen 2016, ba sa kallon bindigar gida a matsayin kayan ado, kuma wannan ya shafi kowane ɓangare, Kirista da Musulmi, manomi da makiyayi. Kowa na da kabarin da zai nuna. Lokacin da Janar T. Y. Danjuma ya tsaya a Jalingo a Maris 2018 ya ce jama'a su kare kansu, ya samu masu saurare da yawa a nan. Wannan tsoro na gaskiya ne, kuma gwamnatin da ta kasa kai ɗauki a kan lokaci ba ta da bakin raina shi. Sai dai shi ne kuma dalilin da ya sa kalmar "sha'awa" ba za ta karɓu a yankin ba. A garin da maƙwabci ke ƙirga abin da maƙwabcinsa ya ajiye, AK-47 a bangon falo saƙo ce, ko mai ita ya yi niyya ko bai yi ba. Kuma ɓarawon da ya ji labarinta zai fi son ta a kan talabijin.

Duk da haka, akwai giɓin da ya kamata masu tsara dokoki, da hadiman da ke rubuta musu daftari, su duba. A 2021 aka kafa Cibiyar Ƙasa ta Taƙaita Yaɗuwar Ƙananan Makamai a ƙarƙashin ofishin mai ba da shawara kan tsaro, a Yunin 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ba ta gindin zama. Aikinta tattarawa da lalatawa ne, kuma tana yi. Amma tsakanin ɓoyewa a rufi da jefawa cikin wuta babu hanya ta uku da talaka ya sani: hanyar da iyali za su kawo bindigar kakansu ba tare da fargabar kamu ba, a rubuta tarihinta, a kashe ta, a ajiye ta a gidan tarihi da sunan mai ita. Rashin wannan hanya ne ke sa bindigogin gado zama a ɓoye har ranar da wani yaro ko wani ɓarawo zai gano su.

Wanda sha'awarsa ta tarihi ce da gaske bai rasa inda za shi ba. Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da ke Umuahia na ajiye da makaman yaƙin basasa na ɓangarorin biyu, har da Ogbunigwe da injiniyoyin Biyafara suka ƙera. Gidan Makama a Kano na da kayan yaƙin zamanin sarakuna. Tarihin kamfanin DICON na Kaduna, da aka kafa a 1964, shi kansa fage ne da bai samu marubuta ba. Adaka kuwa, wadda 'yan bindigar sarki ke cika wa albarushi a hawan salla, ita ce mafi kusa da abin da mutum zai iya riƙewa bisa ƙa'ida, bayan ya tuntuɓi ofishin kwamishinan 'yan sanda a Kaduna. Ko ita ma, idan an ƙera ta kafin 1918, tana iya faɗawa ƙarƙashin dokar Hukumar Gidajen Tarihi ta 1979, wadda ta hana saye da sayar da kayan tarihi sai ta hannun wakilin da hukumar ta amince da shi.