Mai cin waakyen Hajiya kullum shi ke sanin ranar da kanwa ta yi yawa

A Nima da Maamobi, duk mai waakyen da ta yi suna tana da mutanenta. Tun da sanyin safiya suke jeruwa, ɗan makaranta da direban trotro da ma'aikacin ofis, kowa na jiran a zuba masa. Baƙon da hanya ta biyo da shi zai saya, ya ci, ya yaba, ya wuce. Wanda kuwa ya shekara da shekaru yana cin tukunyar nan, loma ɗaya ta ishe shi ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, yau kanwa ta yi yawa," ko kuma, "Hajiya, shiton nan ba hannunki ba ne." Gobe da safe kuma shi ne a farkon layi.

Haka sha'anin masoyan waƙa yake. Zauna a bes ɗin samari ana zagayawa da ataya, ka ambaci ƙungiyar VIP. Ba a daɗewa kan waƙar da ta fi kowacce, don yawanci za su ce Ahomka Womu. Gardamar da ke kai mutane tsakar dare ita ce ta waƙar da ba ta shiga rai ba, da kuma wanda ya jawo hakan.

'Yan VIP a Nima suka tashi, a ƙarshen shekarun 1990, suna haɗa Hausa da Twi da Turanci a kan kiɗan hiplife. Ahomka Womu ta fito a 2003, ta game Ghana har ta tsallaka zuwa Najeriya. A 2004 suka ci kambin gwarzon mawaƙin shekara a gasar waƙa ta Ghana, suka sake cinsa a 2011, zamanin da waƙar Away take tashe. Ƙarfin Ahomka Womu ya kai ga Wizkid ya ɗora waƙarsa Manya a kanta a 2017. Ga yaron zango, wannan nasara tasa ce, domin unguwar da ake yawan ambata da talauci da cunkoso ita ta haifi gwanayen ƙasa.

Sai dai hannun da ke kan tukunya ya yi ta sauyawa. Cikin 'yan ƙungiyar, Friction ya fita tun da wuri, ya koma Holan, ya karkata ga reggae. Promzy ya bar ƙungiyar a 2013. A 2014 Reggie Rockstone, wanda ake kira uban hiplife, ya haɗu da Zeal da Prodigal da suka rage a ƙungiyar, suna ya koma VVIP, aka samu waƙoƙi irin su Selfie da Skolom. Duk mai cin waakye ya san abin da ke faruwa ranar da Hajiya ta miƙa wa wata ludayi. Shinkafar ita ce, waken shi ne, karan dafin da ke ba shi jan launi yana nan, ga gari, ga taliya, ga ganda da ƙwai. Baƙo zai lashe hannu. Tsohon mai saye kuwa zai tauna a hankali, yana neman wani ɗanɗano da ya saba da shi.

Ni a wurina, Selfie ce waƙarsu da ta fi yi mini nisa. An gyara kiɗanta sumul, ta yi farin jini, har Idris Elba da Phyno suka shiga sabon zubinta. Amma in na saurare ta ba na jin lungunan Nima a ciki, kamar a kowane birni za a iya dafa ta. Wani ɗan unguwa zai ce ai ita ta kai sunan ƙungiyar inda bai taɓa zuwa ba, kuma shi a Skolom ne ransa bai kwanta ba. Wani zai ce tun fitar Promzy ya daina bin su. Kowannenmu yana da hujja, domin kowa ya ci tukunyar har ya san ta ciki da bai.

Iyayenmu ma sun yi irin wannan muhawara a kan Osibisa, ƙungiyar da Teddy Osei da Mac Tontoh da Sol Amarfio suka kafa da abokansu a Landan a 1969. Wanda ya ƙoshi da gangunan Woyaya ta 1971 yana iya jin Dance the Body Music ta 1976 ta yi masa kama da kiɗan gidan rawar Turai, alhali wani ta wannan ƙofar ya fara sanin su.

Inda nake jin takaici shi ne yadda ƙorafi ke rikiɗewa ya zama zagi, musamman a Facebook. Mutumin kirki ba ya kifar da tukunyar Hajiya don kanwa ta yi yawa rana ɗaya, ba ya kuma tsayawa bakin titi yana tona mata asiri. Yakan matso kusa, ya faɗi abin da ya gaza da sunansa, cikin ladabi. Hajiya mai hankali kuma ba ta korar irin wannan mai saye, don ta san wanda ya yi shiru ya koma wata rumfa shi ne asararta.

Saboda haka, ɗan'uwa, in akwai waƙar gwaninka da ba ka so, faɗe ta, ka kuma faɗi dalili: kiɗan ne ya yi sanyi, Hausar ce ta yi ƙaranci, ko maganar ce ba ta da nauyi. Ku kuma mawaƙan zango masu tasowa, ku riƙe masu yi muku irin wannan gyara hannu bibbiyu, domin su ne za su cika muku fili ranar Sallah.