Ƙananan RNA, sankarar hanji da garkuwar jiki

Maikro-RNA ƴan guntayen saƙo ne da ƙwayoyin jikin mutum suke ƙerawa da kansu, tsawon kowanne bai wuce haruffan gado 22 ba ko kusa da haka. Victor Ambros da Gary Ruvkun, masana daga Amurka, suka fara bayyana su a 1993 cikin wata ƴar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya. Duniyar kimiyya ba ta ɗaga kai ba sai a 2000, da aka ga irinsu a cikin dabbobi da yawa har da ɗan Adam. A 2024 aka ba mutanen biyu kyautar Nobel ta fannin likitanci. Jikin mutum yana da nau'insu fiye da 1,000.

Tun zamanin korona, duk inda aka ambaci RNA sai wasu su tuno da allurar rigakafi, har a riƙa yaɗawa a WhatsApp cewa ita ce take jawo sankara. Abubuwa biyu ne daban. RNA ɗin cikin allurar doguwa ce, tana ɗauke da umarnin yin furotin guda ɗaya, kuma jiki yana narkar da ita. Maikro-RNA ba ta yin furotin ko kaɗan, tana nan cikin jikin kowa tun yana cikin mahaifa. Sankarar hanji kuwa kan ɗauki shekara goma ko fiye tana tasowa daga ɗan tsiro a bangon hanji.

Aikin maikro-RNA rage gudu ne. Ƙwayar gado tana aika saƙo a yi furotin kaza, sai maikro-RNA ta manne wa saƙon, ta hana a karanta shi ko ta sa a lalata shi. Kamar mai ban ruwa ne a lambu: ba shi ya haƙa rijiyar ba, amma da ɗan laka a hannu yana toshe wannan hanyar ruwa, ya sassauta waccan, shi yake yanke wane fangali zai sha da yawa. In ya toshe inda bai kamata ba, albasa ta bushe, ciyawa ta ƙoshi. Kuma ba fangali ɗaya yake kula da shi ba, domin maikro-RNA guda tana iya taɓa saƙonnin ɗaruruwan ƙwayoyin gado.

A sankarar babban hanji da dubura, wadda take kama mutum kusan miliyan 1.9 a shekara a duniya, ta kashe kimanin 900,000, an ga ɓarnar ta fuska biyu. A 2003 masu bincike a Ostireliya suka lura cewa wasu maikro-RNA biyu, miR-143 da miR-145, sun yi ƙaranci a cikin ƙarin hanji. Ta farkon tana danne KRAS, wani furotin da yake ingiza ƙwaya ta rabu ta yawaita, saboda haka idan ta ragu sai KRAS ya sami sarari. Ita kuma miR-21 yawa take yi. Tana danne furotin irin su PDCD4 da PTEN waɗanda suke hana ƙari girma, kuma an gano tun 2008 cewa majinyatan da ƙarinsu yake cike da ita sun fi saurin rasuwa.

Inda lamarin ya fi sarƙewa shi ne wajen garkuwar jiki. Hanji gidan ƙwayoyin bakteriya ne marasa adadi, garkuwar da take gadinsa kullum a tsaye take. Kumburin da ya daɗe bai lafa ba, irin na masu ciwon gyambon babban hanji, yana ƙara haɗarin sankara. Maikro-RNA suna cikin masu kunna wannan kumburi da masu kashe shi: miR-155 tana rura shi, miR-146a tana kwantar da shi. An kuma nuna cewa wata bakteriya da aka saba samu a baki, Fusobacterium nucleatum, idan ta zauna a ƙarin hanji tana sa miR-21 ta ƙaru.

Ƙarin da ya kafu yana amfani da maikro-RNA wajen juya masu gadin. Yana zuba su cikin wasu ƴan ƙunshi ƙanana ƙwarai, ya sake su cikin naman da yake kewaye da shi. Manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti sai su haɗiye ƙunshin, halinsu ya canza, su bar yaƙar ƙarin su koma yi masa hidima. An ga haka da miR-1246 a ƙwayoyin sankarar hanji waɗanda furotin p53 nasu ya lalace. Akwai kuma furotin PD-L1 da ƙari yake ɗorawa a bayansa don ya sanyaya ƙwayoyin garkuwa na T masu kisa. Daga cikin masu rage shi akwai miR-34a da dangin miR-200, kuma sau da yawa su ne suke ƙaranci a cikin ƙari.

Wannan ya sa zancen masu sayar da maganin “ƙarfafa garkuwa” a matsayin maganin sankara ba shi da tushe. Garkuwar majinyacin tana nan, an karkatar da ita ne kawai, kuma zuga ta ba tare da lissafi ba yana iya halaka shi. Wani kamfani a Amurka ya ƙera miR-34a a ɗakin gwaji, ya fara gwada ta a kan masu sankara iri-iri a 2013 da sunan MRX34. A 2016 aka dakatar da gwajin bayan garkuwar wasu majinyata ta harzuƙa, huɗu suka rasu. Ko magungunan da suka yi nasara wajen sakar wa garkuwa mara, kamar pembrolizumab, sun fi amfanar masu nau'in sankarar hanjin da ƙwayoyinta suka kasa gyara kuskuren DNA, su kuwa kusan kashi 15 cikin ɗari ne na masu cutar.

Fatan da ya fi kusa yana wajen gano cutar. Maikro-RNA ba sa saurin lalacewa a jini da bayan gida, ana ta binciken yadda irin su miR-21 da miR-92a za su zama alamar gargaɗi. Matsalar ita ce miR-21 tana hauhawa a wasu cututtukan ma, don haka gwajin bai shiga aikin asibiti na yau da kullum ba.

Abin da yake hannu yanzu shi ne gwajin neman ɓoyayyen jini a bayan gida, da duba hanji da siririyar na'ura mai kyamara wadda take iya cire tsiro tun bai rikiɗe ba. A Amurka ana fara tantancewa daga shekara 45. A Najeriya likitoci sun daɗe suna kukan cewa majinyata ba sa zuwa sai cutar ta yi nisa. Jini a bayan gida, da rama, da sauyin fitar ba-haya, duk basir ake kiransu, ga mai lasifika a tasha yana sayar da jiƙo, hukuma kuma ba ta ce masa uffan. Na'urar duba hanjin ta fi yawa a asibitocin koyarwa da masu zaman kansu na manyan birane, kuma yawancin mutane daga aljihunsu suke biyan kuɗin gwajin.