Zobon kwalba: siron da ba ya jiran firigo

Ƴan uwa mata, duk wadda ta taɓa ɗaura zobo a leda ta san abin da za mu faɗa. A dafa da safe, a ƙulla, a jera a firigo, sai wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu. Kafin jibi ledoji sun kumbura, zobo ya yi tsamin giya, an zubar. Ga shi kuɗin sukarin nan rance ne daga asusu, ranar zubi kuma ba ta san an ɗauke wuta ba.

Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, ƙananan sana'o'i irin wannan ne ke mayar da bashi. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi maganar siro.

A Labanan da Indiya, mata na dafa furen wardi da sukari har ya yi kauri, su ajiye a kwalba, in baƙo ya zo a ɗiga cikin ruwan sanyi. Mu wardi bai wadace mu ba, wanda ake sayarwa don ado kuwa galibi an fesa masa maganin ƙwari, ba na ci ba ne. Amma yakuwa tamu ce. Ganyenta na miya, ƴaƴanta na daudawar batso, jan kwanson da ke rungume da ƴaƴan shi ne zobo. Da kaka ake samunsa da araha a ƙauyukan Tibiri, lokacin nan ya kamata ƙungiya ta saya ta ɓoye.

Ga yadda muke yi. Zobo giram 300, a ɗauraye shi sau biyu da sauri don yashi, a jiƙa cikin tafasasshen ruwa lita 2 ya kwana. A roba ko kwanon sha za a jiƙa, ban da tukunyar dalma, don tsaminsa na cin ƙarfen, launi ya dushe. Da safe a tace da farin ƙyalle mai tsabta, a ɗora a tukunya mai fenti ko ta inoks tare da citta da kanumfari, ya tsotse ya koma lita 1. Na'a-na'a ta lambunan Jiratawa sai an kusa saukewa, in ta daɗe a wuta ƙamshin ya tafi. A sake tacewa, a zuba sukari kilo 2, a juya har ya narke ya tafasa minti biyar.

Kilo biyu? E, biyu. Nan ne mata da yawa ke jin zafin kuɗi su rage, kuma nan ne ake faɗuwa. Sukarin ne ke riƙe ruwan har ƙwayoyin da ke ruɓar da abu su rasa abin sha. In aka rage, an koma gidan jiya, fumfuna za ta hau. Kada kuma a sa kanwa don kashe tsami: tana mayar da jan baƙi-baƙi, kuma tsamin nan shi ma tsaro ne.

Kwalba ta gilas ce, a dafa ta da murfinta, a zuba siro da zafinsa, a rufe gam, a ajiye a inuwa. Robar da aka tsinto a hanya ba ta cikin lissafi. Haka zai yi makonni da yawa ba firigo.

Kofi ɗaya na siro, kofi shida na ruwa. Wannan dahuwa ɗaya na ba da zobon sha wajen lita 15, kuma iya na ranar za ki haɗa ki ƙulla, saura na kwalba. Cokali biyu a kindirmo ko a kan fura ya isa, amma madarar da ba ta yi tsami ba tsinkewa take. Mai ciwon suga kuwa, a dafa mata nata zobon daban, babu sukari.