Doki Nawa Motar Ta Ƙaru? Yadda Na'urar Daino Ke Auna Gyaran Inji, Da Yadda Ita Ma Ake Ruɗa Ta

A watan Oktoban 2019, mujallar motoci ta Amurka mai suna Motor Trend ta samu sabuwar Chevrolet Corvette C8 tun kafin ta wadata a kasuwa, ta kai ta gareji aka ɗora ta a kan na'urar auna ƙarfin inji. Kamfanin da ya ƙera motar ya ce injinta na bayar da ƙarfin doki 495. Da aka taka totur har ƙasa, sai allon kwamfuta ya nuna 558, kuma a tayoyi aka auna, ba a jikin inji ba. Idan aka lissafa abin da ke salwanta a hanya kafin ƙarfi ya isa tayoyi, injin ya kai doki 650 da ɗoriya ke nan.

Labari ya karaɗe intanet. Wasu suka ce kamfanin ɓoye ƙarfin motar ya yi, wasu suka ce mota ta musamman aka ba 'yan jarida. Daga baya mujallar da kanta ta fito ta ce matsalar daga saitin na'urar ne. Cikin kurakuran da aka gano, an saita ta tamkar ana gwada mota mai ja da tayoyi huɗu, alhali Corvette da tayoyin baya kawai take ja. Sai manhajar ta lissafa wa motar aikin da ba ta yi ba.

Idan hakan zai faru da mujallar da ta shekara fiye da 70 tana gwada motoci, to ina ga matashin da ya tara kuɗinsa ya sayi sabuwar salansa, aka miƙo masa takarda mai jan layi da shuɗi aka ce motarsa ta ƙaru da doki 25?

Me na'urar take aunawa?

Cikakken sunanta dainamomita, masu harkar motoci kuma suka gajarta shi zuwa daino. Abubuwa biyu ne ke fitowa a takardarta. Na farko ƙarfin murɗawa, wato yadda inji ke murɗa sandar da ke juya tayoyi, ana rubuta shi da Nm. Na biyu ƙarfin doki, wanda ba wani abu ne daban ba illa ƙarfin murɗawa da aka ninka da saurin juyawar inji. Idan aka ninka Nm da adadin juyi a minti ɗaya, wato RPM, aka raba da 9,549, za a samu kilowat. Doki ɗaya kuwa kusan wat 746 ne. A takardun Amurka, inda ake auna murɗawa da fam da ƙafa, layukan biyu dole su haɗu a RPM 5,252 muddin a ma'auni ɗaya aka zana su. Wannan lissafi ne kawai, don haka takardar da layukanta suka gitta a wani wuri daban tana buƙatar tambaya.

Kamfanonin ƙera motoci suna cire inji ne su ɗaura shi kai tsaye a jikin na'ura, kuma adadin da suke talla da shi daga nan yake fitowa. Mai mota ba zai sauke injinsa don kawai ya auna shi ba, shi ya sa garejoji ke amfani da wadda ake hawa da mota ɗungurungum. Ana ɗora tayoyin da ke ja a kan manyan gangunan ƙarfe, a ɗaure motar da bel-bel masu kauri, a kunna fanka a gabanta, direba ya sa giya ɗaya ya taka totur daga ƙasa har kusa da jan layi. Cikin 'yan daƙiƙu an gama.

Su ma waɗannan iri-iri ne. Akwai wadda ganga ce kawai mai sanannen nauyi: kwamfuta na duba yadda motar ke ƙara wa gangar sauri, ta lissafo ƙarfin da ya yi wannan aiki. Da irin wannan kamfanin Dynojet ya yi suna. Akwai wadda ke da birkin lantarki da ke danne gangar, har a iya riƙe inji a RPM ɗaya yana aiki da dukkan ƙarfinsa, kamar mai hawa tudun da ba ya ƙarewa. Masu gyaran saitin kwamfutar mota sun fi son wannan. Sai kuma irin ta Dynapack, wadda ake kwance tayoyin gaba ɗaya a ɗaura na'urar a gurbinsu, ta yadda batun sulɓewar taya bai ma taso ba. Mota ɗaya, a rana ɗaya, za ta ba da lambobi uku mabambanta a kan waɗannan ukun, kuma babu wadda ta lalace a cikinsu.

Tsakanin inji da taya akwai kuloci, giyabos, aksul da tayoyin kansu, kowanne na cin rabonsa. An saba cewa kashi 15 cikin 100 ke tafiya a motar da ke ja da baya, amma wannan ƙiyasi ne na baka. Lokacin da mujallar Car and Driver ta auna Toyota Supra ta 2020, wadda aka tallata da doki 335, ta samu 339 a tayoyi. Ko dai injin ya fi abin da aka rubuta, ko giyabos ɗin zamani bai cin kashi 15, ko kuma duka biyun. Saboda haka duk wanda ya auna a taya, ya ƙara kashi 15 da kansa, ya zo yana kurin abin da injinsa ke bayarwa, rabin maganarsa awo ce, rabi kuma fata.

Lambar farko ita ce jari

Tunda na'urori ba sa yarda da juna, lamba ɗaya tilo ba ta da amfani sosai. Abin da ke da daraja shi ne bambancin da ke tsakanin awo biyu: kafin a taɓa motar, da bayan an taɓa ta. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗaura kaya tukuna, sannan a tuna da daino. A lokacin babu abin kwatantawa sai lambar da wani baƙo ya ɗora a intanet, daga wata ƙasa, a wata na'ura, da wani irin mai.

Awon da za a iya dogara da shi yana da sharuɗɗa masu gajiyarwa. Na'ura ɗaya, giya ɗaya, mai iri ɗaya a tanki, iskar taya ɗaya, ɗaurin bel ɗaya, zafin ruwan lagireto da na baƙin mai kusan ɗaya. Akan zaɓi giyar da inji da sandar giyabos ke juyawa daidai wa daida, wadda a motoci da dama ita ce ta huɗu ko ta biyar. Kuma ba a yin ja ɗaya a tashi. Akan yi uku ko fiye, a bar motar ta huce a tsakani. Duk wanda ya taɓa gwada wayarsa da AnTuTu sau uku a jere ya ga maki na sauka saboda wayar ta ɗau zafi, ya riga ya san dalili. Kwamfutar mota ma haka take yi: da zarar iskar da ke shiga inji ta yi zafi, sai ta ja da baya don ta kare shi.

Ja ukun nan su ne ke nuna girman kuskuren awon kansa. A ce, misali, mota ta ba da 168, 171 da 169 ba tare da an taɓa komai ba. Aka canza matacin iska, ta ba da 172. Mai sayar da matacin zai ɗauki 168 da 172 ya ce an samu doki huɗu. Gaskiyar magana ita ce ba a ga komai ba tukuna, domin motar da kanta tana yawo da doki uku tsakanin ja da ja. Haka kuma idan aka canza salansa, mataci da saitin kwamfuta a rana ɗaya, za a ga ƙari, amma ba za a san wanne ya kawo shi ba, wanne kuma aka biya kuɗinsa a banza. Masu rubuta manhaja sun san wannan ciwon: a gyara wuri biyar lokaci guda, abu ya yi aiki, a rasa wane gyaran ne ya yi magani.

Ramin da ke tsakiyar Toyota 86

Babu motar da ta fi nuna amfanin karanta zanen gaba ɗaya kamar Toyota 86 da tagwaniyarta Subaru BRZ, waɗanda suka fito a 2012. Injinsu mai lita 2.0 ne, ba turbo, an rubuta masa doki 200 a RPM 7,000 da Nm 205. A kan daino galibi sukan ba da tsakanin 160 da 175 a tayoyi. Amma abin da ya dami masu su ba ƙololuwar ba ce. A tsakiyar zanen, daga wajen RPM 3,500 zuwa 4,500, layin murɗawa yakan faɗa rami kafin ya sake tashi. A kan titi direba na jin haka sarai: ya taka don ya wuce wata mota, sai tasa ta yi kamar tana tunani.

Gyaran da ya shahara shi ne a canza manifol ɗin hayaƙi, wato bututan da ke fitowa daga kan inji, sannan a sake saita kwamfutar motar da kayan aiki irin su EcuTek. Abin da ya ƙaru a ƙololuwa ba mai tayar da hankali ba ne. Amma ramin nan yakan cike, kuma a daidai wurin ne mota ke yin mafi yawan tafiyarta. Wanda ya kalli babbar lambar da ke saman takarda kawai zai ce an yi asarar kuɗi. Wanda ya ɗora zanen farko a kan na biyu zai ga inda kuɗin ya shiga.

Akasin haka ma na faruwa, kuma ya fi cutarwa. Salansa mai faɗin da ya wuce kima ko babban turbo na iya ƙara doki a can sama, kusa da jan layi, su kwashe ƙarfin ƙasa. Takarda ta yi kyau, ƙara ta cika unguwa, mota kuma ta fi da nauyi a cikin gari. Kunne na saurin yaudarar ƙafa a wannan harka. Toyota da Subaru dai sun bi ta wata hanyar a samfurin 2022: suka faɗaɗa injin zuwa lita 2.4, doki 228, murɗawa kuma ta kai ƙololuwarta tun a RPM 3,700.

Yanayi, da hannun mai na'ura

Inji iska yake sha, kuma nauyin iska na canzawa. Daga digiri 25 zuwa 40 a ma'aunin Salshiyos, iska na rage kauri da kusan kashi biyar cikin 100. Tudu ma haka: injin da ba shi da turbo yakan yi asarar kimanin kashi uku a kowace mita 300. Motar da aka auna a Denver, mai tsayin mita 1,600, ba za ta yi daidai da wadda aka auna a bakin teku ba, kamar yadda ta Jos ba za ta yi daidai da ta Legas ba.

Don haka manhajar daino ke ninka sakamako da wani adadi na gyara, ta mayar da shi kamar an auna a yanayi guda. Ƙa'idar SAE J1349 na ɗaukar digiri 25. Wata tsohuwar ƙa'ida da ake rubuta wa STD na ɗaukar iska mai sanyi da nauyi fiye da haka, kuma lambarta takan fi ta SAE da kusan kashi huɗu. A motar doki 400, doki 16 ke nan daga danna maɓalli ɗaya. Idan takardar farko SAE ce, ta biyu STD, an samu ƙari ba tare da an taɓa ko sifana ba. Wata dabarar ita ce a ajiye na'urar jin zafin iska kusa da inji mai zafi, manhaja ta ɗauka ana tsananin rana, ta ƙara wa motar maki na tausayi. Ko a yi awon farko motar na huci, na biyu kuma bayan ta sha fanka. Takardar kirki tana nuna kwanan wata, zafi, nauyin iska, ƙa'idar da aka bi da adadin gyaran, duk a ƙasanta.

Akwai layi na uku da ya fi sauran muhimmanci ga lafiyar inji, shi ne na haɗin iska da mai. A tafiyar yau da kullum injin fetur na neman iska 14.7 ga mai 1. Idan aka taka har ƙasa yana buƙatar mai fiye da haka, wajen 12.5 zuwa 13, mai turbo kuma ƙasa da haka, domin ƙarin man na sanyaya ɗakin ƙonewa. Ana iya matse mai, a gaggauta tartsatsin fulogi, a ga doki ya ƙaru a allo. Amma a nan ne mai ke fara fashewa ba bisa tsari ba yana dukan fistin, kuma ƙarshen wannan hanya shi ne inji ya buga. Saitin da ake saukewa daga intanet yawanci an rubuta shi ne don wani takamaiman mai, misali mai lamba 93 na Amurka. Wanda ya loda shi a motar da ke shan man da bai kai wannan ba, ko dai kwamfuta ta janye ƙarin da ya biya, ko kuma fistin ya biya sauran.

Wanda babu daino a kusa da shi bai rasa komai da komai ba. Ƙaramar na'urar ELM327 da ake soka wa a kafar OBD-II, wadda ke jikin duk motar da aka sayar a Amurka tun daga 1996, tana turo wa waya zafin iskar da ke shiga inji da lokacin tartsatsi ta manhaja irin Torque. Na'urorin GPS kamar Dragy da VBOX kuma suna auna daƙiƙun da mota ke ɗauka daga wani gudu zuwa wani. A filin da aka keɓe don haka, a giya ɗaya, zuwa da dawowa don a soke tasirin iska da gangara, agogo na iya gaskata takardar daino ko ya ƙaryata ta.

Duk da waɗannan ramuka, idan awo ya yawaita kuma ya fuskanci wuri guda, yana da nauyi. A 1999 kamfanin Ford ya fitar da Mustang SVT Cobra da alkawarin doki 320. Masu saye suka riƙa kai motocinsu garejoji daban-daban, sakamako na dawowa ƙasa da abin da ya kamata, suna kwatantawa a tsakaninsu. A watan Agustan shekarar Ford ta dakatar da sayar da motar, ta kira waɗanda aka riga aka sayar, ta canza musu manifol ɗin shan iska da wani sashe na salansa, ta sake saita kwamfutarsu. Samfurin Cobra na gama-gari bai fito a 2000 ba, sai a 2001 ya dawo.