Shinkafa da wake a Suk al-Shabi

Yara, duk wanda ke cikin ajin nan ya san shinkafa da wake. Wasu sun ci ta da safe kafin su zo lakkol. Wasu sun saye ta bakin hanya, an zuba masu mai da yaji. A Kano ana ce mata garau-garau. Da faransanci wake shi ne niébé, shinkafa kuwa riz. Yau za mu koyi yadda ake dafa ta, amma cefanen za mu yo shi nesa da gida, a ƙasar Sudan.

Ku ɗauko taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa bisa Nijar, ku yi gabas. Za ku ratsa Cadi, sannan ku shiga Sudan. Babban birninta shi ne Hartum. Nan ne koguna biyu ke haɗuwa, Farin Nilu da Shuɗin Nilu, su zama kogi guda, ya nufi Masar. A hayin kogin, daga yamma, akwai birnin Umdurman. Hartum na da kasuwa mai suna Suk al-Shabi, Umdurman ma na da tata. Sunan larabci ne, ma'anarsa kasuwar jama'a.

Me ya kai mu can? Akwai Hausawa a Sudan, kuma hanyar Makka ce ta kai su. A da, alhazai a ƙasa suke tafiya, da jakuna da raƙuma, shekara da shekaru. In guzuri ya ƙare, sai a tsaya a yi noma ko ƙodago. Da yawa daga nan suka zauna. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya da yaƙi a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya wuce gabas da jama'a, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. Garin sunansa ya ɗauka, Mai Wurno. Jikokin mutanen nan ƴan Sudan ne, suna jin larabci, da yawansu kuma ba su manta Hausa ba. An san su da gashin wani irin tsire da ake kira agashe.

To, ga yarinya an aike ta Suk al-Shabi sayen wake. Sai ta yi hankali. Waken da mutanen Hartum suka fi ci shi ne ful, wani wake mai faɗi, ruwan ƙasa. Ba namu ba ne. Namu lubiya suke ce masa, kuma lubiya iri-iri ce, sai ta duba fari mai baƙin ido. Mutanen Sudan kan dafa shi zalla, musamman da azumi, su kira shi balila. Shinkafa sunanta ruz. Kanwa ita ce atrun. Barkono shatta. Albasa kuwa basal. Kun ji yadda suka yi kama? Kalmarmu ta albasa daga larabci muka aro ta. Mudun da suke awon hatsi da shi sunansa malwa, kamar yadda muke da tiya.

Yanzu mu koma madafa. Don gida mai mutum 6, ana bukatar wake kofi 2, shinkafa kofi 3, kanwa ƴar ƙarama kamar ƙwayar gyaɗa, gishiri, albasa 2, man gyaɗa da yaji.

Da farko a zuba wake a faifai a tsince shi. A fitar da tsakuwa, da ƙaiƙayi, da ƙwayoyin da ƙwari suka huda. Wannan aikin yara ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne: tsakuwa ɗaya na iya karya haƙorin baba. A wanke waken. Wadda ke son ta rage ƙona itace sai ta jiƙa shi tun da dare, ta zubar da ruwan da safe.

Ga asirin girkin nan: wake da shinkafa ba su nuna lokaci guda. Wake na da tauri. In ba a jiƙa shi ba, yana ɗaukar minti 40 har zuwa awa ɗaya bisa wuta. Shinkafa kuwa minti 20 sun ishe ta. In aka zuba su tare, ɗayan biyu ne: ko shinkafa ta nuna wake yana ɗanye, ko wake ya nuna shinkafa ta zama kunu. Saboda haka wake ke fara shiga tukunya, da ruwa kamar kofi 10 da ƴar kanwa.

Mu tsaya kan kanwar nan. Amfaninta shi ne ta sa wake ya yi saurin laushi. Amma na lura wasu masu girki hannunsu ya yi nauyi da ita. Kanwa in ta yi yawa, abinci zai yi duhu, ya yi ɗaci, ya ɓata ciki. Tana kuma kashe bitamin B1 da ke cikin wake. Kaɗan ta isa. Wadda ta jiƙa wakenta ma tana iya barin ta.

Yaya za a san lokacin zuba shinkafa ya yi? A ɗebo ƙwaya ɗaya da ludayi, a bar ta ta huce, a matse ta tsakanin yatsu biyu. In ta fashe amma tsakiyarta na da ɗan ƙarfi, lokaci ya yi. A zuba shinkafar da aka wanke, a sa gishiri. Ruwa ya ɗara kan abincin da gaɓar yatsa ɗaya. In bai kai ba, a ƙara ruwan zafi. A rufe tukunya. In ruwa ya kusa tsotsewa, a janye itace a bar garwashi ya turara ta. Kada a riƙa juyawa, don kada ta caɓe.

Sai a soya mai da albasa. Wannan aikin manya ne. Ɗigon ruwa ɗaya cikin mai mai zafi na iya fantsama ya ƙona fuska. A zuba abinci a kwano, a sa mai, a barbaɗa yaji.

Don me ake haɗa su biyun? Shinkafa na ba jiki ƙarfin aiki. Wake na gina jiki, domin yana da abin da ake kira protéines da faransanci. Cikin giram 100 na busasshen wake akwai kimanin giram 24 na abin nan, cikin shinkafa kuwa kimanin giram 7. Kuma abin da ɗaya ya rasa, ɗayan na da shi. Yaron da ya ci su tare ya samu abin da zai girma da shi, ko da babu nama a gidan ranar.

Abincin nan bai tsaya Afirka ba. Bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka sun kai shi Amurka. A jihar Karolina ta Kudu ana ce masa Hoppin' John, ana cin sa ranar 1 ga Janairu, kuma tun 1847 aka buga yadda ake dafa shi cikin wani littafin girki. Su suna sa masa naman alade. Musulmi ba su cin naman alade, sai su sa busasshen kifi, ko dafaffen ƙwai, ko mai da yaji kawai. A Gana sunansa waakye, daga kalmarmu ta wake, suna dafa shi da karan dafi ya yi ja.

Mu koma Sudan. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Hartum. Kasuwanni sun lalace, har da Suk al-Shabi. Miliyoyin mutane suka bar gidajensu, lakkol-lakkol suka rufe, abinci ya yi tsada. Sai mutanen unguwanni suka haɗa kai, suka ɗora manyan tukwane, suna dafawa suna raba wa kowa kyauta. Irin wannan madafa sunanta takiyya. Abin da suka fi dafawa shi ne dangin wake, kamar ful da adas, da kuma shinkafa in an samu, don busasshen wake na daɗewa a ajiye, kuma yana riƙe ciki. A watan Maris 2025 sojojin gwamnati suka sake kama Hartum, mutane suka fara komawa.

Aiki

Wace ƙasa ce ke tsakanin Nijar da Sudan?

Don me ake fara zuba wake kafin shinkafa?

Mutum 6 na bukatar wake kofi 2 da shinkafa kofi 3. Wata takiyya za ta ciyar da mutum 60. Wake kofi nawa za ta dafa? Shinkafa fa?

Ku tambayi inna yadda take dafa tata, ku rubuta jimla 3 da Hausa, 3 da faransanci.