Ludayin Iska A Ƙarƙashin Mota: Kafin Ka Huda Cikin Motarka

A watan Afrilun da ya wuce, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, na kai motata gareji sai na iske wani matashi tsugune a gindin wata ƙaramar mota mai kujera biyu, Toyota MR2. A hannunsa akwai wasu robobi biyu masu kama da ludayi, waɗanda ya yi odarsu daga waje da kuɗi masu kauri. So yake a ɗaura masa su a ƙarƙashin motar domin su riƙa kamfatar iska suna watsa wa injin. Tsohon bakaniken ya jujjuya su, sannan ya ce, "Yaro, na ga ƙofar shiga. Ina ƙofar fita?"

Wannan tambaya ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin samarinmu masu sha'awar motocin gudu sun fara kashe dukiya a kan irin waɗannan kaya ba tare da sanin yadda suke aiki ba.

Damuwar matashin tana da tushe. Motoci irin su MR2, wadda ta fito a 1984, da Lotus Elise da Porsche Boxster na 1996, injinsu yana bayan direba ne, a cikin wani ƙuntataccen ɗaki. Lagireto yana gaba, ruwa na zagayawa ta dogayen bututu, don haka shi injin yana samun sanyinsa. Amma zafin da salansa ke fitarwa yana taruwa a ɗakin, ya busar da robobi, ya gasa wayoyi, ya kuma ɗumama iskar da injin ke shaƙa, wanda hakan ke rage masa ƙarfi. Amurkawa ba su manta da Pontiac Fiero na 1984 ba, wadda ta yi ƙaurin suna wajen kamawa da wuta idan mai ya zubo a kan salansa mai zafi.

To, sai dai iska ba ta sanyaya wuri don ta shiga kawai, sai ta ratsa ta fice da zafin. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗaki mai taga ɗaya da bazara ya san haka. A motar da injinta ke tsakiya, ludayin yana iya amfani idan akwai isassun kafofi a murfin injin da iskar za ta bi ta fita. A motar da injinta ke gaba kuwa, yana iya zama gyaran gangar Auzinawa, domin iskar da ya cusa za ta cika bayan lagireto, ta tokare wadda ke ƙoƙarin ratso shi daga gaba, sai allurar zafi ta ƙara hawa.

Injiniyoyi sun daɗe da gane wannan. A Porsche 914, kamfanin ya sanya wasu faifan roba a ƙarƙashin motar, gaba da injin, waɗanda aikinsu shi ne karkatar da iska ƙasa domin zafin injin ya sami hanyar zuƙewa waje. Lotus kuma ta yi amfani da wata kafa da ke lotsawa ciki maimakon ta turo waje, wadda hukumar NACA ta Amurka, uwar NASA, ta ƙirƙiro a 1945 domin jiragen sama. Ko a nan gida, waɗanda suka riƙe Volkswagen Beetle da aka fara haɗawa a Legas a 1975 za su tuna da gwangwanayen da ke kewaye da injinta. Su ne ke raba iska mai sanyi ta sama da mai zafi ta ƙasa, kuma injuna da dama sun ƙone saboda an kwance su an jefar a gareji.

Akwai kuma batun gudu. Ƙarfin iskar da ludayi ke kamawa yana ninkawa huɗu idan gudu ya ninka biyu, amma idan mota ta tsaya ba ya kama komai. An ƙera shi ne domin filin tsere, alhali motarmu ta fi shan zafi a cunkoson kasuwa da tsakar rana, inda fanka ce kaɗai mai ceto.

Sannan ga hanyoyinmu. Motar gudu dama cikinta a kusa da ƙasa yake, kuma ludayin yana ƙara saukowa. Tudun rage gudu na farko zai iya fizge shi, ya tafi da abin da aka ɗaure shi a jiki. Da hunturu zai kamfaci ƙura, da damina ya watsa ruwa da taɓo a kan wayoyi, leda kuma ta maƙale a jikin salansa ta narke.

Ban ce kowa ya guji ludayin iska ba. Wanda ke hawa filin tsere, ya kuma auna zafin ɗakin injinsa da ma'auni kafin ɗaurawa da bayanta, ya san abin da yake yi. Ga saura, shawarata ita ce a fara da abin da kamfani ya sa: a wanke lagireto, a tabbatar fankar ɗakin injin tana tashi, a fitar da iskar da ta maƙale a bututun ruwa, a mayar da faifan ƙarƙashin mota da aka cire.

Haka tsohon bakaniken ya yi a ranar. Da ya duba, sai ya tarar fankar ɗakin injin ta daɗe da mutuwa saboda wata waya da ta tsinke. Ya haɗa ta cikin 'yan mintuna, matashin kuma ya mayar da robobinsa cikin kwali.